Ni Na Ɗaura Masa Hular da Hannuna

A lokacin da abin nan ya faru ina saurayi a Funtuwa, da damina ina taya mahaifina noman masara, da rani kuwa ni ne mai tsaron gida a wata ƙaramar ƙungiyar ƙwallon gora. Wani Alhaji mai fataucin hatsi ne ya kafa ta, don shi ma ya buga wasan yana makaranta. Ɗan alawus ake ba mu, amma in ka ga taƙamata a gari sai ka rantse a Turai nake bugawa. A waya muke kallon masu yin irin wasanmu a kan ƙanƙara, hular kwanon da nake sawa ma irin tasu ce mai ragar ƙarfe a fuska, kocinmu ya tsinto ta a dilar gwanjo. Ita kaɗai ƙungiyar ta mallaka. Ga wanda bai sani ba, ƙwallon da muke bugawa ba ta fi lemon zaƙi girma ba, amma taurinta na dutse ne.

Da kakar wasa ta yi nisa, wata rana ƙwallo ta same ni a fuska, ƙarfe ɗaya na ragar ya karye daidai saitin idon hagu. Allah ya tsare ban ji ciwo ba, na kai wa mai walda ya liƙe. Amma tun daga ranar tsoro ya shige ni. In aka ɗaga gora sai na riƙa runtse ido kafin a buga. Ko a kasuwa wani ya ɗaga hannu zai gaishe ni sai na sunkuya. Ban gaya wa kowa ba, domin gola matsoraci ba ya kwana a ƙungiya.

Ranar da za mu je Malumfashi wasan da zai haurar da mu rukuni na gaba, ina goge hular da safe na danna wurin waldar da babban yatsa, sai na ji ƙas, ya sake. Na san in na faɗa, koci zai ce in sa ta haka nan, in na ƙi a ce na karaya. Sai na nannaɗe wurin da baƙin salatif. Muna cikin mota na fara riƙe ciki, na ce zawo nake yi. Koci ya juya ga gola na biyu, abokina ɗan garin Dayi, wanda muke ci a kwano ɗaya, wanda ya kwashe kakar nan duka a benci bai taɓa ƙwallo ba. Murna kamar an ba shi kujerar Makka. Ni na ɗaura masa igiyar hular a haɓa da hannuna, na buɗe baki zan yi magana, sai na ce Allah ya ba da sa'a.

Ban kalli wasan ba, salatif ɗin kawai nake kallo, ina ta addu'a ƙwallo ta bi ƙasa. Bayan hutun rabin lokaci aka ɗago wata da ƙarfi, ta same shi daidai wurin salatif ɗin. Har yau ina jin ƙarar. Ya faɗi, jini na bin ragar, aka kwashe shi sai asibiti, idon bai tsira ba. Ana cikin ruɗanin nan na ɗauki hular na warware salatif ɗin na cusa a aljihu. Kowa ya ce ƙaddara ce, Alhaji ya rushe ƙungiyar, ni kuwa na shiga wani sabon tsoron. In na hango mai waldar nan sai na sake hanya. Shekaru ban yarda na shiga motar da za ta bi ta Dayi ba.

Da kakar bara na gaji da gudu na je. Na same shi a gona yana ɗaure damin dawa, na durƙusa na gaya masa komai. Ya juyo da kansa gaba ɗaya don ya gan ni da idon da ya rage. Ya kira ni ɗan'uwa kamar da, ya ce ai ya sani. Tun ina ɗaura masa igiyar ya taɓa wurin ya ji ƙarfen na motsi, amma ya yi shiru don kada a mayar da shi benci. Ya ce ya yafe tuntuni, abin da bai bar yi masa ciwo ba shi ne ya ga bakina ya buɗe, ya jira, ban faɗa ba.

Na yi nadamar da ba ta da magani. Jin tsoro ba laifi ba ne, da na ce ina jin tsoro iyaka a yi mini dariya kwana biyu. Ɓoye shi ne ya ci idon mutum. 'Yan'uwa masu wasa, da direbobi, da duk mai miƙa wa wani kayan aiki, in kun san abu ya lalace ku faɗa, ko da za a kira ku ragwaye. Abokina ya yafe mini, amma duk wanda zai gaishe shi har gobe sai ya zagayo ta damansa.