Tumbin Abdulbaƙi da robar taya

Kun taɓa ganin tumbin mutum yana girma a gaban idonku, ba ci ya yi ba, ba ciwo ba? To ni na gani, a nan unguwar Tahaggart, cikin Tamanrasset ta Aljeriya. Ku matso.

Abdulbaƙi taubashina ne, ɗan kawuna, don haka ko yanzu da yake kwance a ƙasa ba zan raga masa ba. Daga Tasawa ya zo Tamanrasset wai aikin gini. Kwana tara ya yi, ya ce bulo ba sa'ansa ba ne. Sai ya koma Kasuwar Assihar yana yanka tsohuwar robar cikin taya, yana ɗaure wa mutane kaya a kan mota. Shekara talatin yana wannan.

Sai dai ya san roba, wannan ba a ƙwace masa. In ya ɗaure kaya tamau, ba ya barin mota ta tashi. Sai ya zauna ya sha shayi, ya koma ya sake ja. Direbobi su yi ta zaginsa, shi ko ya ce: "Roba munafuka ce. Yanzu ta riƙe, in an jima ta saki, kuma ba ta sallama. In rana ta dake ta, ta fi sauri." Wadda ta yi aiki kuma sai ya rataye ta a inuwa ta huta. Ya ce tana komawa, amma ba duka ba.

To mutumin nan ya kai sittin, matarsa ta rasu, sai ransa ya faɗa kan Rakiyatu mai tuwo, ita ma mijinta ya rasu. Ya ji an ce ta ce ta gaji da jinyar mai ƙiba, ba ta ƙarawa. Shi ko tumbi kamar ya haɗiye tulu.

Ranar da za a je neman aurenta wajen yayanta Malam Sufyanu, ya shigo gidanmu da roba mai faɗi. Ya ce wa maigidana Tasi'u: "Naɗe ni." Tasi'u ya taka bango yana ja, ni ina bayan labule ina dariya har da hawaye. Ya fito siriri, ya zura babbar riga, yana numfashi kamar kaza.

Na ce: "Kai da kake wa direbobi wa'azi?"

Ya ce: "Gwamma, rufe mini baki. Na auna. Za ta kai ni kofin shayi ɗaya."

Abin da bai auna ba, Malam Sufyanu ya zauna da Buzaye, shayinsa sai an yi dahuwa uku, kuma ba ya sauri. Ga zafin azahar. Ni ina ɗaki wajen Rakiyatu, muna leƙe ta taga.

Kofi na farko, lafiya lau. Ana na biyu, Abdulbaƙi ya ji abin da ya fi kowa sani. Ba tsinkewa ta yi ba, da ma ta tsinke a huta. Saki take a hankali. Riga ta fara tashi. Ya ja numfashi ya riƙe, ya ɗora hannu, ya jawo matashi. Ina! Ga shi ba dama ya ce bari in zaga in sake ja, mai jan ma, Tasi'u, yana zaune kusa da shi yana kallon sama.

Malam Sufyanu ya aje buta ya ce: "Malam, lafiya? Da ka shigo ba haka kake ba."

Gumi ya wanke shi. Ya ga dai in ya yi ƙarya, cikin zai ci gaba da ƙaryata shi. Sai ya ce: "Malam, roba ce. Tumbin nawa ne, siririn nan na aro ne."

Rakiyatu ta ɗaga murya daga ɗaki: "Yaya, tambaye shi, wa yake ɓoye wa? Shekara goma a rumfata yake cin tuwo da ƙari. Ni na gina abin nan, malmala bayan malmala!"

Malam Sufyanu ya ce mata: "To kin yarda ko kuwa?"

"A kwance shi tukuna, kar ya mutu mana a tabarma."

Shekara takwas suka yi tare. Ta hana shi ƙari, bai rage ba ko kaɗan.

Ciwon ajali ne ya rage shi. Na je duba shi, ya zama kamar kara, Rakiyatu tana masa fifita. Na ce taubashi, yau ga siririn da ka nema, kyauta. Ya yi dariya har da tari. Ya kama fatar cikinsa ta saman riga, ya ja, ya saki, ta tsaya yadda ya bar ta.

Ya ce: "Kin gani, Gwamma? An sauke kaya, amma robar ba ta koma ba."