Jinpachi Masassaƙi a Mararrabar Hanya

Shekara ashirin da uku ina riƙe da littafin alluna a shagon buga hotuna na unguwarmu a birnin Edo, kuma babu sunan da ya kai na Jinpachi yawa a cikinsa. Allo ɗari huɗu da sha ɗaya ya sassaƙa mana, akasari duwatsu da gadoji da ruwan sama. Idan mai zane ya kawo takardarsa, sai Jinpachi ya kife ta a kan katako ya manna, ya murje bayanta da yatsa har layukan su fito, sannan ya bi su da wuƙa. Saboda haka komai a juye yake ganinsa, dama a hagu, hagu a dama. Sai an buga a takarda yake komawa daidai, shi kuwa ba ya kallon bugaggen hoto. "Ai na riga na gani," in ji shi.

Bai taɓa barin gari ba sai da 'yarsa ta haihu a ƙauyen mijinta, tafiyar kwana uku. Shi aka yi wa alkawarin raɗa wa jaririyar suna ran kwana bakwai, ya rubuta shi da hannunsa a takarda. In bai iso ba, alƙalamin ya faɗa hannun ɗaya kakan, mutumin da ba sa ga-maciji da juna. Saƙo ya iso a makare, ya tashi da matarsa Otane, wadda ta ba ni labarin daga baya.

Da safiyar ranar suna suka kai wata mararraba mai karkataccen itace da 'yar gada. Jinpachi ya miƙe hagu.

"Maigida, mu ɗan tambaya mana," in ji Otane.

"Tambaya? Ke tsohuwa, sau goma sha huɗu na sassaƙa wurin nan. Ganyen itacen can ma na san adadinsa."

Sau sha biyu ne, na duba littafin.

Suka yi ta tafiya har suka ji ƙarnin kifi, sai ga teku. Wata mata na shanya ƙananan kifaye a kan tabarma. Jinpachi ya waiga ya ga dutsen Fuji inda bai ajiye shi ba.

"Baiwar Allah, yaushe dutsen nan ya koma wancan gefen?"

"Jiya muka tura shi, Baba, yana tare mana rana," in ji matar.

Otane ta zauna a kan yashi tana dariya har da hawaye. "Allonka ka biyo, gwani! Juyayyiyar ƙasa ka kawo mu."

Ya ɗaga tafin hannunsa ya kife shi, ya sake buɗewa. Sai ya tattare rigarsa ya ce, "Tashi."

Daga nan ita ta shige gaba. Duk mararrabar da suka kai sai ta ce, "Ina muka nufa, Maigida?" In ya ce dama, ta bi hagu. Ba su sake ɓata ba.

Rana ta karkata lokacin da suka shiga gidan mijin 'yarsu, takalmansu na ciyawa sun tsinke. An riga an dafa jar shinkafa ta bikin suna, ɗaya kakan ya niƙa tawada ya tsoma alƙalami, yana gyara zama a gaban farar takarda. Jinpachi ya durƙusa ya gaishe shi da ladabi, ya ce, "Sannu da riƙe mini." Ya zare alƙalamin daga yatsunsa yana haki, ya rubuta: Onami, wato igiyar ruwa.