Rabon Rosa

Wata Alhamis da safe, cikin sanyin shekarar 1986, na tsaya a bakin tagar kicin ɗin Ummu Rosa da faranti a hannu. Ƙamshin sukari da abarba ya cika wurin, amma ni ba murna nake yi ba, don na san za ta ƙara mini burodi ɗaya. Shekarata tara. Muna zaune a gidajen ma'aikatan wani asibiti a Shumaisi, can ƙasar Larabawa, inda Baba yake aikin jinya. Dogon bene ne mai fili a tsakiya, a nan muke 'yar gala-gala da yaran Sudan da na Masar, in an kira sallah mu watse, in Mama ta leƙo in hau sama kwaso shanya.

Ummu Rosa a ƙasa take, ita da mijinta mai dafa abinci a asibitin. Mutanen El Salvador ne, ƙasar da ban san inda take ba sai da na girma. Ba ta da shago, ta taga take ciniki, amma kowa gidan burodi yake ce wa wurin. Akwai semita, mai ɓawo kamar saƙar tabarma da abarba a ciki, akwai wani mai taushi da cuku da riɗi a kansa. Sai da Mama ta sa Baba ya tambayo irin man da ake sawa kafin ta fara aikena, duk Alhamis tunda ba makaranta.

Rosa kuwa ba wanda ya taɓa ganinta. 'Yarsu ce ta fari, sa'ata, an bar ta wurin kakarta a ƙasar da ake yaƙi, kafili kuma, wato wanda ya ɗauko su aiki, bai yarda a kawo ta ba. Hotonta yana jingine daidai inda ake miƙo burodi. Matar takan cika mini faranti, ta ɗora ɗaya a sama, ta ce da guntun Larabcinta, "Kuli, ya Hajara," wato in ci. Sannan ta dubi hoton, ta dube ni.

Na san abin da take jira. Amma a gida an koya mini, "Ba a tambayar uwa ɗan fari, kunya za ki ba ta." Ni ma 'yar fari ce, Mama ba ta taɓa kiran sunana ba, "ke" ce ni ko "waccan". Duk matan Hausawan gidan haka suke yi: su tambaye ta maigida da gajiya da ciniki, su tsallake yarinyar don girmamawa. Ni ma sai in kawar da kai, in karɓe, in haye bene ina ci. Kafin in kai ƙofarmu zaƙin ya gudu. Gani nake rabon wata nake ci, alhali ko sunanta na ƙi faɗa. Abin da ya fi damuna, ina jin daɗin yadda matar ke kiran sunana, sai in ga kamar amanar Mama nake ci. Na yi ta istigfari ban san wanne laifin zan fara ambata ba.

Daga baya na kasa ci. Zubarwa kuma zunubi ne, sai na riƙa turawa a jakar makaranta, har kiyashi suka tona mini asiri. Mama ta zazzage jakar, busasshen burodi ya zubo. "Ke, almubazzaranci kika koya?" Na fashe da kuka, na ce ba nawa ba ne, na Rosa ne, kuma uwarta so take a tambaye ta.

Mama ta ajiye jakar. Can ta yafa abaya ta ce in biyo ta. A bakin tagar ta yi doguwar gaisuwa, sannan ta sunkuyar da kai kamar ita ake shirin tambaya, ta ce, "Kef Rosa?" wato yaya Rosa. Matar ta goge hannu a zane ta buɗe mana ƙofa, ranar muka fara shiga ɗakinta. Da Larabci da yarensu da hannu ta gaya mana Rosa ta yi giɓi, tana tsoron zakara, ta iya kitse gashin kakarta. Tana cikin bayani hayaƙi ya turnuƙe kicin, burodin da ke wuta ya ƙone. Ta sauke, ta dawo ta ci gaba daga inda ta tsaya.

Bayan 'yan watanni kwantiragin mijinta ya ƙare suka tafi. Ban san ko sun tarar da yarinyar lafiya ba.

Yanzu a Kaduna nake, a leda nake sayen burodi wurin mai shagon da bai san sunana ba, uwa kuma tana ganin fuskar ɗanta a waya ko yana bangon duniya. Amma watannin da matar nan ta yi tana jira, mu kuma muna ganin ladabi muke yi, har yau suna damuna. Tambayar kuwa kalma biyu ce.