Muryar Milka a Aljihun Silvanus

Duk wanda ya yi aure ko ya binne nasa a Kafanchan a shekarun nan ya san Silvanus mai kaset. Gajere ne mai tumbi, rakoda a kafaɗa, biro a bayan kunne don juya zaren kaset. Shagona na ɗinki yana jikin nasa, don haka na sha waƙoƙin coci har na ƙoshi, na kuma san halinsa. Mutumin kirki ne, amma kada ka kuskura ka yabi aikin wani a gabansa.

Matarsa Milka ce ke ba da waƙa a zumuntar mata. In ta ɗaga murya, masu kiɗan tulu da kacau-kacau suka amsa, har masu wucewa sukan ci birki. Tun suna saurayi da budurwa Silvanus kaɗai ke ɗaukar muryarta, sai ka ce da ita aka haɗa masa a sadaki.

A 1997 sai Fabian, ɗan wani tsohon direban jirgin ƙasa, ya samu wata na'ura daga wansa da ke Jamus. Minidis ake ce mata. Faifanta bai kai tafin hannu ba, yana cikin ɗan gidan roba, a ɗauki murya, a goge, a sake ɗauka, babu zaren da zai cukurkuɗe. Silvanus ya jujjuya faifan ya ce, "Wannan biskit ne zai riƙe waƙa?" Ya yi dariya, amma yinin ranar bai kunna komai a shago ba.

Da taron zumunta ya zo a Zonkwa, matan suka gayyaci su biyun. Silvanus ya kafa makirfonsa a bakin Milka, ya tura Fabian can gefe. Bayan an tashi, Fabian ya sa wa Milka wayar sauraro a kunne. Ta lumshe ido ta ce, "Ashe haka murya na yake?"

Shekara da shekaru Silvanus yana ɗaukarta, ba ta taɓa faɗin haka ba. Da Fabian ya nemi a juye waƙar a kaset saboda matan, Silvanus cewa ya yi injinsa ba ya karɓar baƙo. Kishi ne zalla. Na gaya masa a fuskarsa, ya daina gaishe ni na ɗan lokaci.

Damina ta gaba Milka ta kwanta ciwo, ba ta tashi ba. A cocinsu, in mai ba da waƙa ta rasu, sai an sa muryarta a zaman makoki, 'yan zumunta su yi mata amshin ƙarshe. Silvanus ya kinkimo kwalin kaset ɗinsa. Sai dai ya yi ta juye wa mutane daga cikinsu har sun gaji, ga danshin damina. Muryar ta fito tana jan ƙafa kamar daga rijiya, wani kaset ɗin kuma rakoda ta tauna shi. Matan suka rasa inda za su shiga da amshi. Fabian ya tashi, ya haɗa na'urarsa da lasifika. Milka ta ba da waƙa tar, har ana jin jan numfashinta, matan suka amsa suna kuka.

Bayan kwana biyu Fabian ya kawo wa Silvanus faifan, ya kira shi da sunan ɗansa. "Baban Levi, naka ne. Ka riƙe."

Bai yi godiya ba. Ya zura shi a aljihun ƙirji, kuma can yake zaune, domin ba shi da abin kunna shi.

Yanzu kowace Lahadi bayan sujada yakan bi ta gidan Fabian, ya zauna a benci, ya miƙa faifan fuska a ɗaure. Har yau cewa yake kaset ya fi daɗin sauti. Na raka shi sau ɗaya. Fabian ya saka faifan, ya miƙa masa wayar, ya jawo kujera kusa. Silvanus ya danne kunnuwansa da tafin hannu biyu don kada ko ɗigon muryar ya tsere, sannan ya harari Fabian.

"Je ka waje," ya ce. "Kai ka riga ni jin ta."