Ruwan da Na Ba Malam

Jikata ce take rubuta wannan, ni ban yi boko ba. Tana koyon aikin jinya, ta ce yanzu ana zaunar da dangin mara lafiya a yi musu bayani tun daga ƙofa. Da ta faɗi haka na yi kuka har ta tsorata, shi ne na ce ta ɗauko takarda.

Malam, mijina, tela ne a Babbar Kasuwa, muna zaune a Malali, cikin Kaduna. Yana da hawan jini, amma sai kansa ya dame shi yake shan magani. Akwai wata 'yar kwalbar zamzam da wansa ya kawo daga Makka, Malam ya hana kowa taɓa ta. Yakan ce mini, "Wannan ta ranar tafiyata ce. Ki ɗiga mini, ki laƙana mini kalmar shahada. Kada ki tsaya kuka kamar an sace miki akuya." Ni kuma in ce, "Wa ya gaya maka kai za ka riga ni?" Haka muka ga iyayenmu suna yi, ba a barin mutum ya tafi da ƙishi.

Wata Talata da hantsi, yana saka takalmi zai fita, sai ya zube. Bakinsa ya karkace, yana wani irin minshari, ido rabi a buɗe. Na kira shi, shiru. Matan gidanmu suka taru ana salati. Na ɗora kansa a cinyata, na zuba zamzam a ludayi na kafa masa a baki. Ya yi tari, ruwan ya fito ta hanci. Wata dattijuwa ta ce, "Ƙara masa, bai shiga ba." Na ƙara.

Ba mu san wata motar asibiti da ake kira ba. Maƙwabcinmu mai akori-kura ya kwashe mu, Malam yana kwance rigingine a kan tabarma, ƙirjinsa yana ƙara kamar tukunya na tafasa.

A ɗakin gaggawa wani likita matashi ya tambaye ni, "Mama, kun ba shi wani abu?"

"Ruwa kawai," in ji ni, har da 'yar gadara, don na cika alkawari.

Ya dubi sistar da ke gefensa. Suka juya Malam a kan haƙarƙarinsa, suka zura masa roba a maƙogwaro, wani inji yana zuƙo ruwa cikin kwalba. Ina kallo na gane ruwan da na ba shi ne.

Aka kai shi wani ɗaki mai gado huɗu, inda ba a shiga sai an cire takalmi, kuma mutum ɗaya, na ɗan lokaci. Inji ne yake taya shi numfashi. A kwana na uku zazzaɓi ya rufe shi, aka ce huhunsa ya kamu. A saman gadonsa akwai kwali da rubutu, ban san abin da ya ce ba. Abin da na gani shi ne leɓɓansa sun bushe sun tsage. Ragowar zamzam tana ƙuguna. Na fito da ita, na buɗe.

Sai na ji an riƙe mini hannu. Sistar nan ce, wata doguwa 'yar kudancin Kaduna, mai gicciye a wuya.

"Haba Mama! So kike ki sa a kore ni?"

"'Yar nan, ƙishi yake ji."

"Kin ga wannan robar ta hannunsa? Ta nan yake sha. Kwalin nan cewa ya yi kada a ba shi komai ta baki. Wanda ba ya cikin hayyacinsa ba ya haɗiya, hanyar numfashi ruwan yake bi."

Na zauna a ƙasa. Ban taɓa jin wannan ba sai ranar.

Ba ta kore ni ba. Ta ɗebo auduga, ta ce in ɗan jiƙa ta, in matse sosai, in shafa masa a leɓe. "Ki yi masa magana a kunne," in ji ta. "Wasu suna ji." Na sunkuya na yi ta maimaita kalmar shahada. Ta ja labule, ta bar ni har lokacin ya wuce. Haka muka yi kwana biyu. Ranar Asabar bayan azahar Allah ya karɓi abinsa, audugar tana hannuna.

Kafin mu fita da shi na tare ta a baranda. "Ki gaya mini tsakaninki da Allah, ruwan nan ne?"

Ta ce, "Mama, jijiyar da ta fashe a kansa babba ce, ko ba ruwan da wuya ya tashi. Ruwan bai taimake shi ba, wannan gaskiya ne. Amma ba zan iya ce miki shi ne ba."

Da wannan amsar na yi takaba, da ita nake zaune har yau. Malamai sun ce mini kwana ne ya ƙare, kuma na yarda. Duk da haka ban iya ganin ludayi a hannuna ban tuna tarin nan ba.

Bayan 'yan shekaru wata maƙwabciyarmu ta yanke jiki ta faɗi a bakin murhu. Na tarar 'yarta ta ɗauko kofin ruwa. Na fizge shi na zubar, na juya matar a kan haƙarƙarinta, na ce a nemo mota. Ina ji ana cewa, "Wannan tsohuwa ba ta da imani, ruwa ma ta hana." Na roƙi auduga, na jiƙa, na matse sosai.