Ledar Sabon Babur

Shekarun baya, lokacin da aka fara shari'a a jiharmu, Innarmu ta daina hawa bayan 'yan kabu-kabu, tunda malamai sun ce bai dace ba. Ga kakarmu can Kende tsufa ya kwantar da ita, ga Inna gwiwa ta hana ta doguwar tafiya. Wata huɗu ba su sa juna a ido ba.

Sai yayana ya sayar da shinkafarsa, ya tsallaka Benin, ya dawo da babur. Ba irin na kowa ba: dogo, kujera a ƙasa, kai fankeke kamar ƙahon bijimi, matakan ƙafa can gaba. In ya hau, sai ka ce aski ya zo a yi masa. Rugugin injin kuwa, kajin unguwarmu sun yi kwana uku ba su saka ƙwai ba.

Inna ta zagaya shi sau biyu, ta ce, "Wanga jirgi, ina za ni zama?" Ita dai a karkace take zama, ƙafa biyu gefe ɗaya.

Muka kai wa bakanikenmu, wani ɗan kudu da ya fi ni iya Hausa. Ya sassauto da kan, ya ɗaura katako inda Inna za ta taka, ya kare salansa kada ta ƙona mata zane. Sannan ya ce, "Maigida, cire ledar kujerar nan."

Yaya ya ɓata rai. A wurinmu, ranar da ka cire leda, ranar babur ya tsufa. Ya ce, "Ko sati bai yi ba! Mutane ma ba su gama gani ba."

Da muka dawo gida, ni aka zaɓa gwaji. Na ɗaura zanen Inna, na zauna a karkace, har ina yi wa maƙwabta "sai mun dawo" da muryar tsofaffi. Kwanar farko na sulale daga kan ledar kamar tarwaɗa, tim, cikin yashi. Yaya bai ma sani ba, yana can gaba yana tambayata, "Ka ji laushi?"

Da ya juyo, kowa na dariya ban da shi. Ya dube ni, ya dubi gwiwar Inna. Sai ya sa haƙori ya yage ledar.

Washegari suka tafi Kende a hankali, masu keke na wuce su. Kaka ta rasu kafin damina, amma sai da Inna ta je mata sau tara.

Ni a lokacin faɗuwata kawai nake ba da labari, kullum ina ƙara mata tsawo. Sai yanzu na gane wanda ya fi jin jiki a ranar. Ledar nan tana ƙarƙashin katifar Yaya har yau, a ninke. Ita ce kaɗai abin da ban taɓa tsokanarsa a kai ba.