Ranar da Aka Cire wa Goggo Murya

Har yau in na ji mai gabatarwa a wurin taro ya ce "jama'a, a miƙe tsaye", sai in tuna wata ranar Alhamis.

A lokacin ina aikin lodi a wani sito a Khumra, kudu da Jidda, ƙarshen mako kuma ina ɗaukar bidiyon biki da suna. Babu gidan silima ko ɗaya a ƙasar. Sai mu Hausawa masu kyamara, mu takwas, muka ce bari mu yi namu. Kowa ya haɗa ɗan gajeren fim, mu kama istiraha, wato gidan taro na haya, a wani ƙauyen masunta da ke bakin teku can gaba da Khumra, mu rataya farin ƙyalle mu nuna wa mutanenmu. Muka sa masa suna bikin finafinai, don cika baki. Inda muka kwafsa shi ne da muka kafa kwamitin dattawa, kwamiti kuma ya ce taro ba ya yiwuwa sai da manyan baƙi.

Nawa fim ɗin a kan Goggo ne, yayar mahaifina. Tana yarinya suka taso daga ƙasar Damagaram a ƙafa, ta Chadi da Sudan, za su hajji. A bakin teku a Sudan, ranar shiga jirgin ruwa, aka aiki wani ƙanenta ɗebo ruwa, har jirgi ya tashi yaron bai dawo ba. Fiye da shekara hamsin ke nan, ba labarin rai, ba na mutuwa.

Goggo ba ta son hoto. Ko na iƙama, wato katin zama, sai da aka yi rigima da ita. Amma da na ce mata 'yan kasuwar Nijar da Chadi da masu zirga-zirgar Sudan duk za su zo, sai ta ce, "Za su ji abin da na faɗa?"

Na ce, "Za su ji, Goggo."

Shi ke nan ta zauna gaban kyamara. Fim ɗin minti goma sha biyu ne, amma ita minti ɗaya da rabi ne kawai ya dame ta: inda ta faɗi sunansa da na ƙauyensu, da tsaga uku-uku a kumatunsa, da ƙaramin yatsan hannun hagu da ya guntule tun yana rarrafe. Sau uku ta sa na sake ɗaukar wurin, wai muryarta ba ta fita ba.

Ranar Alhamis bayan la'asar aka taru. Maza a babban zaure, an ja labule an yi duhu. Mata a wani ɗaki ta baya, da talabijin da aka jona da kyamara yana nuno musu zauren maza, kamar yadda muke yi a biki, hoto kawai babu sauti. Na je ina ba Goggo haƙuri cewa ba za ta ga kanta sosai ba. Ta ce, "Me zan yi da fuskata, ɗan nan? Ka ce mai kyamara ya riƙa nuno mini mazan. Wanda ya san shi, a fuskarsa zan gane."

Sai aka shiga jawabai. Kai, jama'a! Addu'ar buɗe taro, jawabin maraba, jawabin shugaban kwamiti, jawabin godiya ga shugaban kwamiti saboda jawabinsa. Wani dattijo da ya faɗa da bakinsa cewa bai taɓa kallon fim ba ya yi rabin awa yana koya mana yadda ake yin fim. Babban baƙo kuwa, wani attajiri mai harkar kaya a unguwar Kurayyat, bai iso ba, kujerarsa na gaba a buɗe. Kafin a kunna majigi an riga an soke finafinai huɗu, wai lokaci ya ƙure.

Nawa ne na uku. Wallahi da fuskar Goggo ta fito a ƙyallen nan, zaure ya yi tsit. Ina tsaye kusa da majigi ina kallon ƙeyar mutane, ba mai motsi. Ta ba da labarin tafiya, da yunwa, da yadda suka tsaya noma a hanya har damina biyu. Ta zo bakin teku. Ta ja numfashi za ta faɗi sunansa, sai muka ji odar mota a waje.

Mai gabatarwa ya taso da gudu. Na'urar sauti ɗaya gare mu, sai mai kula da ita ya fizge wayar fim ya cusa ta makirfo. Bai tsayar da faifan ba. Aka kunna fitilu.

"Jama'a, a miƙe tsaye! Ga shi nan ya iso, uban marayu, gatan baƙi!"

Zaure ya miƙe rankatakaf. Goggo na can a jikin ƙyalle, haske ya dusashe ta, bakinta na motsi ba murya. Ta ɗaga hannun hagu tana nuna ƙaramin yatsa, ba mai kallon ta. Shi kuma yana takowa a hankali, turare na tashi, yana ba kowa hannu ɗaya bayan ɗaya. Da aka mayar da wayar fim, Goggo tana shafa fatiha.

Abin da ya fi ba ni ƙyama ban taɓa faɗa wa kowa ba sai yau. Maɓallin tsayarwa na nan dab da hannuna. Ban danna ba. Da aka ce a miƙe, gyara tsayuwa na yi, har da ɗan rusunawa da ya zo wucewa. Tir da ni!

Na je wurin shugaban kwamiti na durƙusa. "Alhaji, don Allah a mayar da shi baya. Minti biyu kawai."

Ya dube ni kamar na yi saɓo. "Haba ɗana! Babban baƙo ya zauna, sai a ce a koma baya? Halas, shi ke nan, ai an gani. Yalla, a kawo abinci."

Babban baƙon ya ji mu, ya dafa kafaɗata. "Ma sha Allah, kai ne mai fim ɗin? Tsohuwar nan ta iya magana."

Ko kalma ɗaya bai ji ba. Na buɗe baki, sai ga manyan faranta na shinkafa da rago sun shigo, taro ya watse ya zama da'ira-da'ira. Ledar shimfiɗa ba ta isa ba, sai wani mai dabara ya sauko da farin ƙyallen aka baza a ƙasa. Ina kallo maiƙo ya ɓata shi. Masu Chadi da masu Sudan da Goggo ta sa rai a kansu suna can sun naɗe hannun riga, ana gardamar farashin kaya.

Na fita. Rana ta kusa faɗuwa, iska na kawo ƙarnin teku. Goggo na zaune a kujerar roba kusa da motar da ta kawo mu, ta riga ta sa takalmi, ta rungume jakarta. Ko abincin ba ta taɓa ba. Tana hango ni ta fara ƙoƙarin tashi.

"Na gani," ta ce. "Ina lissafe da lokacin. Daidai wurin, na ga sun miƙe gaba ɗaya. Wane ne ya san shi? Kai ni wurinsa."

Na tsuguna a gabanta. Na so in yi mata ƙarya, bakina ya ƙi.

"Babban baƙo ne ya iso, Goggo. Shi suka miƙe wa."

Ta ce, "To, shi ɗin ya ji?"

"Bai ji ba. Ba wanda ya ji."

Ta koma ta zauna, ta sassauta riƙon jakar. Daga cikin zaure mai gabatarwa na sanar da jawabin rufe taro.